Daga Hanji Zuwa Ƙashin Baya: Hannun Ƙwayoyin Cikin Ciki A Amosanin Da Ke Sandarar Da Matasa



Idan dattijo ya yi kukan ciwon baya, ba mai mamaki. Shekaru ne da wahalar noma ko dako. Amma akwai wani ciwon bayan da ke zaɓar saurayi ɗan shekara 20 ko 25, wanda bai faɗi ba, bai kuma ɗauki wani kaya mai nauyi ba. Ciwon yakan tashe shi a tsakar dare. Da asuba bayansa ya sandare kamar an ɗaura masa itace, ruku'u sai da ƙyar, tasowa daga sujada sai ya dafa. Abin mamaki, da rana ta ɗaga ya yi 'yan zirga-zirga, sai jikin ya warware, har a riƙa ganin kamar lalaci ne ke hana shi tashi. Hutu ƙara masa ciwon yake yi, motsi kuwa ya rage shi, wato akasin ciwon bayan da muka saba da shi.

Likitoci suna kiran wannan cuta ankilozin sifondilaitis, a nan kuwa za mu kira ta amosanin ƙashin baya. Kumburi ne da garkuwar jiki da kanta ke haddasawa. Yakan fara daga mahaɗai biyun da ƙashin baya ya zauna a kan ƙashin ƙugu, shi ya sa mai ita ke jin ciwo can cikin mazaunai, yau dama gobe hagu. Daga nan ya haura. Inda ya fi cin wuta shi ne wuraren da jijiya ta manne da ƙashi, irin su dunduniya da gefunan ƙasusuwan baya. Jiki kuma, garin gyaran inda ya ƙone, sai ya riƙa zuba sabon ƙashi, har wasu ƙasusuwan bayan su haɗe su zama sanda ɗaya, a hoto ka gan su kamar gora. Wanda abin ya kai shi nan ba ya iya sunkuyawa ko waiwayawa. Cutar tana da 'yan'uwa na gida ɗaya: amosanin da ke biyo bayan gudawa ko ciwon sanyi na saduwa, da wanda ke tafe da cutar fata mai ɓamɓaroki da ake kira soriyasis, da wanda ke tafe da kumburin hanji mai daɗewa.

Sama da shekara 50 ke nan masana suna bin sawun wannan cuta, sawun kuwa sau da yawa cikin hanji yake shiga. Kada mai karatu ya ce ai dama masu tallar maganin basir da dattin ciki a kasuwa sun daɗe suna faɗin haka ta lasifika. Abin da suke nufi daban, abin da bincike ya gano daban, kuma za a ga bambancin a gaba.

Gado shi kaɗai bai isa ba

A shekarar 1973 ƙungiyoyin likitoci biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Los Anjelas ta Amurka, suka gano cewa kusan 90 cikin 100 na Turawan da ke da wannan cuta suna ɗauke da wata ƙwayar halitta ta gado mai suna HLA-B27. Aikin irin wannan ƙwaya shi ne ta ɗauko 'yan gutsattsarin abin da ke cikin tantanin jiki ta ɗaga su sama, kamar mai nuna takarda a shingen bincike, domin dakarun garkuwar jiki su duba su tantance na gida ne ko baƙo. Sai aka ɗauka an gama gano sirrin. Amma lissafi ya ƙi fita: kimanin mutum 8 cikin 100 na Turawan Ingila suna da HLA-B27, kuma mafi yawansu ƙwarai har su mutu ba su san ciwon ba. Waɗanda ke kamuwa a cikinsu ba su fi 'yan ƙalilan cikin ɗari ba.

Wani bincike da ya shafe mu kusa ya ƙara ɗaure kai. A 1997 aka fitar da sakamakon aikin da aka yi tsakanin Fulanin Gambiya. An samu kimanin 6 cikin 100 nasu suna ɗauke da HLA-B27, adadin da bai yi nisa da na Turawa ba, amma da aka duba mutum sama da 1,000 ba a samu ko ɗaya mai amosanin ƙashin baya ba. Ke nan gadon kamar busasshiyar ciyawa ne, sai an samu abin da ya ƙyasta mata ashana.

Abin da gudawa ta koya wa likitoci

Alamar farko cewa ashanar tana iya fitowa daga hanji ta daɗe a gaban likitoci. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Jamus mai suna Reiter da wasu likitocin Faransa biyu, Fiessinger da Leroy, kowa a nasa ɓangaren fagen daga, suka ba da labarin sojojin da suka yi atuni, bayan ya lafa kuma gaɓoɓinsu suka kumbura, idanunsu suka yi ja, fitsari ya riƙa yi musu zafi. A 1944 annobar atuni ta kama mutum kusan 150,000 a ƙasar Finlan, aka ƙidaya 344 da suka samu irin wannan amosanin daga baya.

Labarin da ya fi fito da abin fili shi ne na wani jirgin yaƙin ruwan Amurka a 1962. Ma'aikatan jirgin suka ci gurɓataccen abinci, mutum 602 suka kamu da atuni na ƙwayar Shigella. Dukansu cuta ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, amma kimanin goma ne kawai gaɓoɓinsu suka kumbura bayan 'yan makonni. Shekaru bayan haka, da aka gano HLA-B27, sai aka nemo biyar daga cikinsu aka gwada jininsu: huɗu suna ɗauke da ita.

Yau an tabbatar cewa Shigella da Salmonella da Campylobacter da Yersinia, dukansu masu sa gudawa ta hanyar gurɓataccen ruwa ko abinci, suna iya jawo wannan amosanin, yawanci mako 1 zuwa 4 bayan gudawar. Ya fi kama gwiwa da idon sawu. A mafi yawan mutane yana wucewa cikin 'yan watanni, amma a wasu yakan zauna, har ya koma ƙashin baya. Idan aka zuƙo ruwan gwiwar aka shuka, ba a samun ƙwayar cuta mai rai. Sai dai a 1989 masu bincike a Finlan sun nuna cewa akwai ɓurɓushin jikin Yersinia a cikin tantanin da ke ruwan gaɓar. Ƙwayar ta mutu, amma tarkacenta ya yi tafiya daga hanji har gwiwa, garkuwar jiki kuma tana ta yaƙi da tarkacen.

To ina waɗanda ba su taɓa yin wata gudawar da za su tuna ba? A nan likitocin birnin Gent na Beljiyam suka shigo. Tun daga shekarun 1980, Mielants da Veys suka riƙa zura na'urar leƙen hanji ga masu wannan amosanin, suna yanko ɗan ƙanƙanin nama daga ƙarshen ƙaramin hanji suna dubawa a madubin likita. Suka tarar kimanin rabinsu hanjinsu a kumbure yake, alhali ba su jin ciwon ciki, ba gudawa, ba komai. Binciken da aka sake yi a can a 2013 ya samu 46 cikin 100. Waɗanda kumburin ke fitowa fili ya zama cikakkiyar cutar hanji, irin su cutar Crohn, tsakanin 5 ne zuwa 10 cikin 100. Sun kuma lura cewa idan gaɓoɓi suka lafa, hanjin ma yakan lafa, idan amosanin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sau da yawa kumburin hanjin yana nan.

Hujjar da ta fi ƙarfi, a ganina, daga ɓeraye ta zo. A 1990, a birnin Dalas na Amurka, Hammer da Taurog suka dasa wa ɓeraye ƙwayar HLA-B27 ta ɗan Adam. Ɓerayen suka girma, suka kamu da gudawa da kumburin hanji, gaɓoɓinsu suka kumbura, fatarsu ta lalace, kusan duk abin da ake gani ga mutane. A 1994 aka sake kiwon irin waɗannan ɓeraye, amma a cikin akwatunan da aka tsarkake, abinci da ruwa da iska duka ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya. Gadon yana nan a jikinsu yadda yake, amma hanji bai kumbura ba, gaɓoɓi ma ba su kumbura ba. Da aka mayar musu da bakteriyar da ke zaune a hanjin kowane lafiyayyen ɓera, sai kumburin ya dawo. A 1996 aka nuna cewa wata mai suna Bacteroides vulgatus, wadda ke cikin hanjin mutane da yawa ba tare da ta cuce su ba, tana cikin masu tayar da shi. A lura da wannan da kyau: ba wata muguwar ƙwayar annoba aka sa musu ba, 'yan gida ne.

Su wane ne 'yan gidan?

Baligi yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan dukansu a babban hanji, ko da yake nauyinsu gaba ɗaya bai fi giram 200 ba. Ba zaman banza suke yi ba. Su ne ke narka dusa da zaren abincin da cikinmu ya kasa narkawa, su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke ci ya yi ƙarfi, waɗanda kuma ke kwantar da garkuwar jiki. Suna tare wa miyagun ƙwayoyi wurin zama. Tsakanin wannan taro da jininmu kuwa ba komai sai majina da shimfiɗar tantani mai layi ɗaya tak, wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Saboda haka ne a bayan wannan siririn bango jiki ya girke rundunar garkuwa mafi yawa. Aikin rundunar mai wuya ne: ta ƙyale maƙwabta masu amfani, ta kuma far wa ɓarawo.

A jikin mai amosanin ƙashin baya wannan zaman lafiya ne ke lalacewa. Masu bincike a Palamo ta Italiya sun nuna cewa ɗinkin da ke tsakanin tantanin bangon hanjinsu yakan yi sako-sako, bakteriya su manne su kutsa, ɓurɓushinsu ya shiga jini. Sun kuma samu wani sinadarin kiran yaƙi mai suna IL-23 ya yi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji. Shi ne ke zuga wasu dakaru su fitar da IL-17, wanda tare da wani mai suna TNF su ne manyan masu hura wutar kumburi a gaɓoɓi. An kuma samu dakarun garkuwa masu ɗauke da tambarin hanji a cikin gaɓoɓin marasa lafiya, abin da ke nuna a hanji aka horar da su kafin jini ya kwashe su zuwa can.

Me zai sa dakaren da aka horar don yaƙar bakteriya ya far wa gaɓar mai gidansa? Tun shekarun 1970 wani likita a Landan, Alan Ebringer, ya dage cewa kama ce ke jawo haka. Ya ɗora laifin a kan ƙwayar Klebsiella, har ya riƙa ba marasa lafiya shawarar rage abinci mai sitaci. Sauran masana ba su gamsu ba, domin sakamakon bai riƙa maimaituwa a hannun wasu ba. Amma a ƙarshen 2022 wani bincike na haɗin gwiwar jami'o'in Amurka da Ingila ya farfaɗo da tushen maganar. An ɗebo wani rukunin dakaru na musamman daga gaɓoɓi da idanun marasa lafiya, aka gano cewa idan HLA-B27 ta ɗaga musu gutsuren wasu bakteriyar hanji suna gane shi, idan ta ɗaga musu wani gutsuren jikin mutum mai kama da shi, shi ma sai su ɗauke shi abokin gaba. Kamar ɗan sintirin da aka ba kamannin ɓarawo, ya je ya kama mai gida saboda rigarsu iri ɗaya. A Rasha har an ƙera maganin da ke kawar da wannan rukunin dakaru kaɗai, hukumomin can suka amince da shi a 2024.

An kuma yi ta ƙidayar irin bakteriyar da ke cikin bahayar marasa lafiya ana kwatantawa da ta masu lafiya. Kusan kowane bincike ya samu bambanci, amma sunayen ba su cika haɗuwa ba: a Faransa, a 2017, Ruminococcus gnavus ce ta yi yawa, a Beljiyam a shekarar kuma Dialister aka gani tana ƙaruwa tare da tsananin ciwon. Ba a kama ƙwaya ɗaya da za a ce ita ce mai laifi ba. Akwai kuma gardamar wa ya riga wani, domin kumburi da magungunan da mara lafiya ke sha su ma suna sauya mazauna hanji. Abin da ya ɗan karkata ma'auni shi ne an samu masu HLA-B27 da ke da cikakkiyar lafiya su ma bakteriyar hanjinsu ta bambanta da ta sauran mutane, wato gadon da kansa yana da ta cewa a kan wa zai zauna a hanjin.

Mu koma yankinmu. A 2010 aka kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorans na Italiya. Yaran ƙauyen suka fi yawan nau'o'in bakteriya, musamman masu narka dusa, suka kuma fi yawan sinadaran nan masu ƙarfafa bangon hanji. Zuciya tana son ta haɗa wannan da labarin Fulanin Gambiya ta ce tuwo da fura ne suka kare su, amma binciken biyu ba su gwada wannan ba, kuma wasu ƙwayoyin gadon na daban suna iya zama su ne garkuwar. Kada kuma a ɗauka cutar ta Turawa ce kawai. An same ta a Togo da Burkina Faso, a Togo ma an danganta ta da wata ƙwayar gadon daban, HLA-B14. A Zambiya, inda HLA-B27 ke da ƙaranci sosai, likitocin Lusaka sun ga irin waɗannan amosanai sun ƙaru bayan yaɗuwar cutar ƙanjamau, wadda aka sani tana fara ragargaza rundunar garkuwar hanji tun da wuri.

Ina amfanin wannan ga mara lafiya?

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin inda ilimi bai ƙarasa ba nan 'yan kasuwa ke kafa rumfa. Tun da bakteriya suna da hannu, hankali zai ce a gyara su ciwon ya tafi. An gwada. A 2010, a Niyu Zilan, aka ba marasa lafiya 63 ko dai garin bakteriya masu amfani ko na bogi har mako 12, ba a ga bambanci ba. A Denmak, a 2021, aka dasa wa masu amosanin soriyasis bakteriyar hanjin masu lafiya, sai waɗanda aka yi wa dashen suka fi waɗanda ba a yi wa ba komawa baya. Maganin kashe bakteriya shi ma ba ya warkar da amosanin ƙashin baya. Wankin ciki da jiƙe-jiƙen da ke sa zawo kuwa ba abin da suke yi wa bangon hanjin da dama ya raunana sai ƙarin wahala.

Hatta magungunan zamani sun nuna alaƙar tana da murɗiya. Allurar da ke toshe IL-17 tana taimakon baya sosai, amma da aka gwada ta ga masu cutar Crohn a 2012 sai ta ƙara musu ciwo, domin wannan sinadarin yana cikin masu riƙe bangon hanji. Allurar da ke toshe IL-23 kuwa tana aiki a hanji, amma ta kasa a ƙashin baya. A cikin masu toshe TNF, infliximab da adalimumab suna yi wa hanji da baya aiki, etanercept kuwa baya kaɗai. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa zai tambayi mai ciwon baya yadda bahayarsa take kafin ya rubuta magani, mara lafiya kuma kada kunya ta hana shi faɗi. Gudawar da ta wuce makonni, jini ko majina a bahaya, rama ba dalili, duk labari ne da ke sauya zaɓin magani.

Maganin farko na wannan cuta shi ne masu rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac, tare da motsa jiki kullum. Suna aiki ƙwarai, har saurin sauƙin da ake samu da su yana cikin alamun cutar. Amma su ɗin ne kuma ke iya cin bangon ciki da hanji, su taɓa ƙoda, su tayar da kumburin hanjin da ke kwance. Wanda ya mayar da su abin saye a faranti a bakin tasha, yana haɗa biyu ko uku a cikin wofi shekara da shekaru, yana kashe wuta a ɗaki yana kunna ta a zaure. Haka shan maganin kashe bakteriya kan kowane ɗan zazzaɓi, yana share mazauna hanji masu amfani tare da marasa amfani. Taba sigari kuwa an tabbatar tana hanzarta haɗewar ƙasusuwan.

Abin da ke hannun kowa shi ne toshe ƙofar da aka tabbatar da ita, wato gudawa da atuni: ruwa mai tsabta, wanke hannu da sabulu, dafa nama da ƙwai su nuna. Nono ma a tafasa shi kafin a yi kindirmo, saboda wani dalilin da ya shafi baya kai tsaye. Cutar dabbobin nan da makiyaya ke kira bakkale tana shiga mutum ta ɗanyen nono, kuma tana son mahaɗar ƙugu da ƙashin baya, har a ɗauke ta amosani. Tarin fuka ma yana cin ƙashin baya, kuma a ƙasashenmu shi likita zai fara kawarwa, musamman idan akwai zazzaɓin dare da gumi da rama. Waɗannan biyun ƙwayar cuta ce mai rai a cikin ƙashi, maganinsu daban ne, allurar danne garkuwa kuma tana iya tayar da tarin fukan da ke ɓoye.

Saboda haka wanda bai kai shekara 45 ba, ciwon bayansa ya wuce wata 3, yana tashinsa da dare, sandarewar safiya tana kai rabin awa ko fiye, motsi kuma yana rage masa, ya nemi asibitin da ke da likitan gaɓoɓi, ya kuma ambaci ciwon dunduniya ko gudawar da ya taɓa yi ko da yana ganin ba su da alaƙa. Hoton ƙashi na yau da kullum yakan yi shekaru bai nuna komai ba, na'urar MRI ce ke ganin kumburin da wuri, kuma a wurin ɗan Afirka rashin samun HLA-B27 a jini bai kore cutar ba. Idan ido ɗaya ya yi ja farat ɗaya, da zafi da ƙin haske, wannan ba na jiran gobe ba ne: kusan ɗaya cikin huɗu na masu cutar suna samun kumburin cikin ido, kuma jinkirin 'yan kwanaki yana iya taɓa gani.